Rairayin Kribi a Ƙofar Goggo

A New Bell, unguwarmu ta Hausawa a Douala, ba a tafiya haka kawai. In ka ga mutum ya fito da jaka, to rasuwa aka yi, ko biki, ko sari zai je, ko kuwa Makka ce ta kira shi. Shi ya sa ranar da na je gidanmu na ce wa mahaifiyata ni da maigidana za mu Kribi, abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Hajiya. Hutu za mu je."

"Hutun me? Ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Teku kawai za mu gani."

Ta ajiye carbinta ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. "Mutumin da kullum a bakin ruwa yake wuni, shi ne zai ƙona mai ya tafi kallon ruwa? Kai, boko bai yi muku adalci ba."

Maigidana a tashar jiragen ruwa yake aiki, yana fitar wa 'yan kasuwa da kayansu. Amma in kana son ka ɓata masa rai, ka kira ruwan tashar nan teku. Zai ce maka bakin kogin Wouri ne, ruwan laka da baƙin mai. Mutum ne mai son tsofaffin abubuwa kamar ya yi hauka. Ya ga ginin da Jamusawa suka bari, sai ya tsaya yana shafa bango kamar ya ga ɗan'uwansa. Tun muna amarci yake cewa wata rana zai ɗauke ni mu zaga, daga ni sai shi, babu yara, babu dangi, babu waya. Yara suka zo, muka yi fama, muka tashi daga New Bell muka koma unguwar Kotto, ni ina ofishin inshora a Akwa shi yana tasha. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu sannan wata ranar tasa ta zo.

Hajiya ta gama mita, sai kuma na ga fuskarta ta sake. "Kribi kika ce? Ashe za ku ga Goggonku."

Goggo ƙanwar mahaifina ce, kuma ƙawar Hajiya tun suna 'yan mata a lungu ɗaya. Ni rabona da ita tun rasuwar Baba, da ta zo ta yi zaman makoki ta koma. Tana budurwa ta ga wani masunci ɗan ƙabilar Batanga da ke kawo kifi Douala, ta ce shi take so. Ya musulunta, aka ɗaura aure, amma dangi suka yi fushin da ba a furtawa. Ba a kore ta ba, ba a zage ta ba. Kawai dai babu wanda ya taɓa zuwa. Ita ce mai zuwa biki, ita ce mai zuwa ta'aziyya, da bandar kifi a buhu, amma ƙafar ɗan gidanmu ko ɗaya ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Mijin ya rasu ma ta waya aka yi mata gaisuwa. Hajiya ta sha cewa za ta je, ciwon gwiwa da hawan jini suka zaunar da ita. Ta taɓa gaya mini cewa matan dangin mijin suna yi wa Goggo gori, wai ita ce matar da ba ta da kowa, wai igiyar ruwa ce ta kawo ta.

Na ce, "Za mu biya mu gaishe ta, in Allah ya so."

Kafin ranar tafiya Hajiya ta haɗa sallahu kamar za a kai amarya. Daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, kilishi, man shanu a kwalba, da turmin atamfa da ta aika aka sayo a babbar kasuwa. Maƙwabta suka ji, wannan ta kawo goro, waccan ta kawo turaren wuta. Mutanen da ba su taɓa zuwa ba duk sai ga su da gaisuwa.

A mota muka yi shawara ni da maigidana, kuma wallahi mu a ganinmu kirki muka shirya. Na ce tsohuwa ce, ita kaɗai, ba ta da ƙarfi, kada mu je mu ɗora mata nauyi. Ya ce gaskiya ne Madam, kuma ai ya riga ya kama ɗaki a otal. Mu sha hutunmu, ranar dawowa mu biya, mu ba ta saƙonta, mu ɗan zauna, mu kama hanya. Haka abokan aikinmu suke yi, har suna ganin wayewa ce. Ni da aka haifa a gidan da baƙo daga Garoua yake zuwa sayen kaya ya share wata a zaure ba wanda ya tambaye shi yaushe zai tafi, ni ce na manta cewa a wurinmu ba ka shiga garin da kake da jini ka kwana a ɗakin haya. Muka kashe wayoyi kamar yadda muka yi alkawari, ranar Laraba muka ɗau hanya.

Tun ba mu fita Douala ba ya fara. Ya tsaya a Bonanjo gaban tsohon gidan sarautar nan mai rufi hawa-hawa da ake kira Pagod. Na ce masa, "Haba Malam, wannan ginin kullum sai na wuce shi a taksi." Ya ce wucewa daban, gani daban. Ya tsayar da ni cikin rana yana ba ni labarin yadda Jamusawa suka tashi mutane daga bakin kogi suka tura su bayan gari, har unguwarmu ta samo asali. Na ce to na ji, kakannina ma sun ji a jikinsu, mu tafi kafin man shanun Hajiya ya narke.

A Edea kuwa sai da muka sauka muka taka tsohuwar gadar ƙarfen nan ta kan kogin Sanaga da ƙafa. Yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙarfe da makullin mota, yana cewa, "Ji nan, Madam! Ji ƙarfe!" Ni ko ƙasa nake kallo, ruwa na gudu ja wur. Na riƙe hannunsa. A New Bell ko da wasa ban taɓa riƙe hannunsa a titi ba, kuma na lura bai yi saurin sakin nawa ba bayan mun haye.

Ba zan ɓoye ba, Kribi ta yi mini daɗi. Rairayi fari tas, bishiyoyin kwakwa, iska mai gishiri. Muka je tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, ya zagaya ta yana lissafo mini abin da ban tambaye shi ba. Muka ga tsohon cocin Jamusawa daga waje. Sannan ni, uwar 'ya'ya, mai tebur a ofis, na shiga teku da doguwar riga da ɗankwali. Igiyar ruwa ta ɗauke ni ta kifar, na tashi ina tari ina salati, shi kuma yana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan na manta.

Abu ɗaya ne ya riƙa tuna mana da Goggo, wato daddawa. Mun shigar da jakar sallahu ɗakin otal, kafin gari ya waye labule da matashin kai duk sun ɗauka. Mai sharar ɗaki ta shigo ta toshe hanci tana leƙa ƙarƙashin gado, tana zaton ɓera ne ya mutu. Maigidana ya kinkimi jakar ya mayar bayan mota ya kulle. Muka yi dariya muka ci gaba da sha'aninmu.

Ranar Alhamis muka je Lobe, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. A nan mata ke gasa jatan lande a ƙarƙashin rumfuna. Muka zauna wurin wata doguwar mata mai wushirya, mai murya kamar ta maza. Hannunta na da daɗi, ban san lokacin da na share faranti ba. Bakina kuma ba ya zama shiru in na ƙoshi. Ta tambaye ni da Faransanci daga ina muke, na ce daga Douala, asalinmu Hausawan New Bell, mun zo tun jiya, muna otal kaza. Ta maimaita, "New Bell?" Ta dube ni, ta dubi maigidana, ta ƙara mana gyara ba mu roƙa ba. Na ce masa ka ga mutanen nan akwai karamci.

Ranar Lahadi da safe na ce sai na yi sallama da teku. Na taka bakin ruwa da takalmina, na dawo muka tattara kaya, muka shiga neman gidan Goggo da kwatancen Hajiya. Unguwar masunta ce, kwalekwale a kife, taru a shanye, hayaƙin banda ko'ina. Ba mu sha wuya ba. Muna cewa Bahaushiya sai aka nuna mana, kuma na ga mai nunawar ta ƙwala wa wata kira.

Tun daga nesa na hango gidan. An kafa rumfar ganyen kwakwa a ƙofar gidan, ganyen har ya fara bushewa. Kujerun roba a jere a ƙarƙashinta, kala daban-daban, da gani aro ne daga gidaje. Bangon ɗakin an shafe shi da sabon farin fenti, na maƙwabta duk baƙi ƙirin da hayaƙi.

Goggo ta fito da gudu irin na tsofaffi, ta rame, ta gajarce, amma hancin Baba ne sak a fuskarta. Ta rangaɗa guɗa, irin guɗarmu ta gida, a tsakiyar unguwar Batanga. Ta rungume ni tana cewa, "'Yar yayana! 'Yar yayana ce!" Ta juya tana faɗa da yarensu, tana faɗa da Faransanci, tana nuna ni, tana nuna motar. Maigidana ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Mata suka fara fitowa suna cika kujeru.

"Kun sha hanya," in ji ta da ƙarfi. "Sannunku da hanya. Ya gajiya? Ku shigo, ku shigo ku sha ruwa."

Na tsaya a bakin ƙofa na tuɓe takalmi. Ina ɗaga ƙafa sai rairayi ya zubo, fari, mai danshi, ya yi ɗan tsibi a kan dandamalin da ta goge yana ƙyalli. Babu irin wannan rairayin a Douala, babu shi a hanyar Edea, kuma wanda ya sauko daga mota yanzu ba ya zuwa da shi. Na ga ta gani. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta sa tafin ƙafarta ta share shi a hankali ta tura ƙarƙashin tabarma, bakinta bai daina yi mana sannu da hanya ba.

Wayyo Allah. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba ko ranar da aka kai ni ɗakin miji.

Ta kawo ruwa a kwanon sha sabo. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kaza, da kifi, da miyondo, wato ƙullin rogon da suke ci. Aka fito da mu rumfa domin dangin mijinta su gan mu. Ta buɗe sallahu a gaban kowa, tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Wannan daga matar yayanta, wannan daga maƙwabta, wannan goron daga wance. Ta shinshina daddawa ta lumshe ido. Ta yafa atamfar a kafaɗa ta juya, matan suka tafa. Na fara samun numfashi, na ce a raina wataƙila Allah ya rufa asiri.

Sai ga doguwar mata mai wushirya ta shigo rumfar tana goge hannu a zane.

Goggo ta ce, "Ga ƙanwar mijina."

Matar ta yi murmushi har wushiryar ta fito duka. Ta miƙo mini hannu, ta ce da Faransanci, da muryar nan tata da ta isa ƙarshen unguwa, "Madam, ai mun san juna. Ya jatan landen ranar Alhamis? Otal ɗin naku da daɗi?"

Wata ta yi 'yar dariya ta rufe baki. Maigidana, mai bakin ba da tarihin Jamusawa, ya sunkuyar da kai yana kallon tuwo. A lokacin na gane cewa duk wanda ke zaune a wurin ya sani tun ranar Alhamis, kuma su ne suka riƙa cinye abincin da ake dafa mana kullum ba mu zo ba.

Goggo ko gezau. Ta gyara atamfar a kafaɗa ta ce, "Ni na tura su. Fenti bai bushe ba, surukina kuma ba ya son warinsa. Na ce su je su ga gari tukuna, in ɗaki ya sha iska su dawo gida. Ga shi sun dawo." Ta faɗa da Faransanci, ta sake faɗa da yarensu. Sannan ta juyo ta dubi maigidana, ta koma Hausa, muryarta ta yi ƙasa. "Ko ba haka ba, ɗana?"

Babu wanda ya yarda, ita ma ta san babu wanda ya yarda. Amma tambayar tana tsaye, kuma jiragen ruwa na jiransa a tasha ranar Litinin. Ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce da Faransanci yadda kowa zai ji, "Haka ne, Goggo. Madam, je ki buɗe mota a shigo da akwatunanmu."

Muka kwana. Ɗakinta ta ba mu, da sabon gidan sauro da zanen gado wanda ko layin ninkinsa bai baje ba. Da safe na fita neman ruwan alwala na leƙa madafa, inda take banda. Tabarmarta na gani a shimfiɗe tsakanin tukwane da itace, da ɗan matashin kai da ya yi baƙi da hayaƙi. Ba shimfiɗar dare ɗaya ba ce. Tun da ta gyara mana ɗakin ba ta sake kwana a ciki ba, kada ta ɓata wa baƙi gado.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Goggo, ku yafe mana. Mu cewa muka yi kada mu wahalar da ku."

"Wahala?" Ta ci gaba da juya kifi a kan ragar banda. "Ranar Laraba na wuni a tashar mota. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Da duhu ya yi na je asibiti na tambaya ko an kawo waɗanda suka yi haɗari daga hanyar Edea. Da waccan ta dawo ranar Alhamis tana ba da labarinku tana dariya, wallahi hamdala na yi, na ce ashe suna raye." Ta ɗago ta dube ni. "Shekara da shekaru ina jiran wani daga gida ya zo ya wahalar da ni."

Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta ce in tashi kar hayaƙi ya ɓata mini kaya, mutane na kallo.

Da za mu tafi ta cika mana bayan mota da bandar kifi da kwakwa da miyondo, na Hajiya daban, na maƙwabtan da suka aiko daban. Ta rako mu har bakin titi, ta zaɓi hanyar da ta ratsa tsakiyar unguwa, tana riƙe da hannuna tana tsayawa a kowace ƙofa. Na shiga mota, sai ta sunkuyo ta taga ta ce, "In Hajiya ta tambaya, tun Laraba kuna wurina. Kin ji ko? Jininta ba ya son ɓacin rai."

A hanya mun wuce gadar Edea maigidana ko kallonta bai yi ba. Kai tsaye New Bell muka nufa da tsaraba. Hajiya na zaune a tsakar gida da maƙwabta biyu, ta ga buhun kifi ta hau murna. Ina shirin haɗa ƙaryar da aka ba ni, ashe ma an riga an rage mini aiki.

"Ku da kashe waya!" in ji ta. "Ranar Laraba na kira na kira, shiru. Hankalina ya tashi, sai na kira Goggonku wajen la'asar. Ta ce in kwantar da hankalina, kun iso lafiya, kuna ciki kuna cin abinci."

Wajen la'asar ranar Laraba Goggo tana tsaye a tasha tana leƙa motoci, ni kuma ina cikin teku da doguwar riga. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

Hajiya ta juya wurin maƙwabtan tana ɓare kifi, fuskarta cike da alfahari. "Ai tun kafin su tashi na kira ta na ce ta gyara ɗaki. Ta ce anya za su iya kwana a gidan masunta? Na ce haba, ni na haife ta. 'Yata ba irin 'yan bokon nan ba ce da za ta shiga garin Goggonta ta kwana a otal."

Ta miƙo mini tsokar kifin ta ce in ɗanɗana. Na karɓa na sa a baki, na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa.